Man da Na Zuba a Birki

Ni ne na ɓata birkin nan da hannuna, ba taubashina ba. Na san haka tun yammacin ranar da abin ya faru, amma na bar mutanen Filinge suna yi masa dariya har wata uku, kuma ni ne kan gaba wajen dariyar. Ban yi karatu mai zurfi ba, aji shida na yi a lakwal, wato makarantar boko, na koma gona, saboda haka zan faɗi abin yadda ya zo mini.

Taubashin nan ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana, ya girme ni da shekara biyu. A wasan da muka gada, ɗan mace bawan ɗan namiji ne, don haka tun muna yara ban taɓa kiransa da komai ba sai "bawana", shi kuma ya ce mini "ubangijin tsiya". Duk abin da na faɗa masa ba shi da ikon yin fushi, ni ma haka. Makanike ne, yana da rumfa a ƙarƙashin wani dogon yaro kusa da tasha, inda 'yan kabu-kabu suke jiran fasinja.

Ni manomi ne. In an gama girbin gero sai in shiga ƙauyuka in sari tabarmi da igiyar kaba in kai kasuwanni, wani lokaci Damana, wani lokaci har wajen Sanam. Don wannan na sayi babur. Shekara biyu ina hawansa ban taɓa yi masa wankin kirki ba, iyakaci in watsa masa ruwa in ya kwaso laka da damina. A wurina jaki ne mai shan isansi, wato fetur, ba abin kallo ba.

Sai hukuma ta hana hawan babur a yankinmu saboda rashin tsaro. Na tura nawa cikin zaure na jingine shi da bango, na rufe shi da tsohuwar tabarma, ina tsammanin abin na 'yan makonni ne. Makonni suka zama watanni.

Wata safiya ina zaune a zauren sai na ga zanzaro yana shiga ƙarƙashin sirdi da laka a bakinsa, ya fita, ya dawo da wata. Na yi ta kallonsa har na gaji da zato, na tashi na ɗaga sirdin. A nan na ga ya gina ɗakuna huɗu a jikin wayoyi. Ba ginin ya ba ni mamaki ba, wayoyin ne. Ja, kore, baƙi, rawaya, kowace ta bi hanyarta ta ɓace. Shekara biyu ina zaune a kansu ban san suna nan ba. Na kankare gidan zanzaron da tsinke, na share wurin, sai wurin da na share ya sa na kusa da shi ya zama kamar ya fi datti. Daga nan abin ya kama ni.

Kullum bayan kunu sai in fito da shi tsakar gida, gindin bishiyar aduwa. Ni da kaina nake zuwa famfo in ɗebo bokiti biyu, don kada matata ta ce na ƙarar mata da ruwan girki. Garin sabulu, soso, tsumman tsohuwar rigata, da wani buroshin haƙori da ya mutu, su ne kayan aikina. Buroshin ne ke shiga tsakanin haƙarƙarin inji, inda ƙasa ta haɗu da mai ta daskare kamar ƙanzo. Na ƙidaya wayoyin taya, na samu talatin da shida a kowace, na goge su ɗaya bayan ɗaya. Na gano akwai lamba da aka buga a wuyan babur ɗin. Na gano wani ƙaramin rami a ƙasan bututun hayaƙi wanda na ɗauka ɓarna ce, ashe da gangan aka yi shi don ruwa ya riƙa fita.

Da datti ya ƙare sai na koma neman ƙyalli, kuma a nan na zama kamar mai haɗa magani. Na jiƙa tsamiya na shafa a inda ya yi tsatsa, na bar shi ya ɗan jima, tsatsar ta fita. Toka da ɗan ruwa ta sa bututun hayaƙi ya yi fari har ina ganin hancina a ciki, ƙato kamar na saniya. Na gwada rairayi mai laushi a murfin gefe, ya bar masa zane wanda har yau yana nan. Man gyaɗa ya yi sheƙi yini ɗaya, kashegari ya yi danƙo, tururuwa ta yi masa layi. Man shanu kuwa, kyanwar maƙwabta ce ta kwana tana lasar taya. A ƙarshe na dace da haɗin da ya fi kowanne: gazuwal, wato man dizal, da ɗan man inji, a zuba a kwalbar roba, a huda murfin da ƙusa. In ka tsiyaya wannan a baƙin ƙarfe ka bi shi da tsumma, sai ka ce yau aka fito da shi daga kwali.

Matata takan tsaya da muciya a hannu tana kallona.

"Malam, wanga ƙarhe biki za ya?"

"Ke dai ba ki san abin kirki ba."

"In da kana wanke ƙahwahunka rabin haka, da na gode ma Allah."

Taubashina kuwa hanin ya fi taɓa shi fiye da ni. Ni ina da gona da rumbu, shi babur ne abincinsa. Ya koma gyaran injin niƙa, da famfon masu lambu, da facin tayar amalanke, abin da ya samu dai. Da yamma yakan biyo ta gidana ya zauna a kan turmi yana kallon aikina. Shi ya ba ni aron kile biyu, wato sufana, da sukudireba don in riƙa kwance murafu ina wanke bayansu. Rannan ya tarar da ni da kwalbar nan.

"Ubangijin tsiya, ka maida moto madubi. Ina za ka da shi, makewayi?"

"Bawa ba ya tambayar ubangijinshi inda za shi."

Ya karɓi kwalbar ya shinshina, ya gyaɗa kai. "Haɗin ya yi. Shahwa duk inda kaka so. Amma wuri biyu kar ka kusance su da shi: bakin taya da cikin gangar birki." Ya nuna mini gangar da ke tsakiyar taya. "Duk ƙarhen da ke jikin moto shina son mai, ban da nan."

Na tambaye shi dalili, don da gaske ina son in sani. Ya ce a cikin gangar akwai abubuwa biyu masu lanƙwasa da ake ce wa takalman birki, fuskarsu kaushi gare ta. In ka taka birki sai su buɗe su cije gangar daga ciki. Kaushin shi ne aikin. Na ce to na ji, yau bawa ya zama malam. Muka yi dariya. Amma na ji shi sarai, ba zan ce ban ji ba.

Da aka sassauta dokar aka ce kowa ya fito da abin hawansa, garin ya cika da ƙarar inji da hayaƙi. Rumfar taubashina ta cika maƙil, don babur ɗin da ya daɗe a ajiye ba ya tashi da daɗin rai. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun kafin hanin. Na tura nawa na kai masa. Ya juye man inji, ya wanke karbireta, ya sa sabon buji, wato fulogi, ya ce takalman birkina sun kusa ƙarewa, bari ya sa sababbi gaba da baya. Tsofaffin ya ƙulla mini a leda ya rataye a madubi.

A hanyar komawa gida na ji wani abu. Duk lokacin da na taka birki sai tayar baya ta yi wani siririn kuka, kamar ɓera a rumbu. Babur ɗin da na shafe watanni ina lallashi, ya fi na kowa kyau a unguwa, ga shi yana kuka a gaban mutane.

Kashegari ranar kasuwar Damana ce. Da sassafe na fito da shi don shafa ta ƙarshe. Na tsuguna gaban tayar baya da kwalbata ina kallon ɗan siririn tsagin da ke tsakanin ganga da murfinta. Na tuna maganarsa. Sai kuma na ce a raina, ƙofar zaure in ta yi kuka mai ake sa mata, sarƙa ma haka. Ɗigo biyu ko uku me za su yi? Ina son in ga ko kukan zai daina, wannan ita ce gaskiyar magana. Na matsa kwalbar a tsagin, na juya tayar, na taka birki. Kukan ya ragu. Na ƙara, na sake juyawa. Shiru. Daɗi ya kama ni kamar na gano abin da makanike bai sani ba, har na zagaya na zuba wa ta gaba ma don su yi daidai. Matata tana shara a lokacin, ta ɗago ta dube ni ta ci gaba da sharar.

Na ɗaure tabarmi a baya na hau. Daga gidana zuwa tasha rairayi ne, shi yake riƙe babur, ban nemi birki ba. Sai da na hau ƙasa mai tauri gab da tasha, na ɗan ƙara wuta don a ga ƙyallin, sai ga amalanken jaki ya fito daga lungu ɗauke da kara. Na taka birki. Ƙafata ta tafi, babur bai san an yi ba. Na damƙe na hannu, shi ma haka. Na karkata kai na kauce wa jakin, na nufi shingen ƙaya na wata garka, wato lambu, na shige ciki har kafaɗa.

Allah ya sa ba gudu nake sosai ba. 'Yan kabu-kabu suka rugo suka janye ni, da suka ga ba karaya sai dariya ta ɓarke. Ƙaya a riga, ƙaya a hula, ƙaya a inda ba a faɗi. Wani yana cire mini yana cewa, "Wanga moto ya cika kyau, har shinge ya so shi." Kunya ta rufe ni. Na hango taubashina ya taso daga rumfarsa da kile a hannu, hankalinsa a tashe. Kafin ya iso na ɗaga murya.

"Ku gani hwa! Aikin bawana ne. Jiya-jiya ya sa min sabon birki!"

Dariyar ta bar kaina ta koma kansa, na ji sauƙi nan take. Ya tsaya yana murmushin dole, ya ce in kawo ya buɗe ya gani. Na ce Allah ya kiyaye, wanda ya jefa ni ƙaya yau gobe rijiya zai jefa ni. Na tura babur ɗina na koma gida.

Da la'asar na ɗauko kile ɗin da ya ara mini na kwance tayar baya. Ban taɓa ganin cikin ganga ba, kuma ko a wannan hali sai da na tsaya ina mamakin yadda aka tsara abin, takalma biyu da 'yan ƙananan sifirin suna riƙe da su. Fuskarsu ta yi baƙi tana sheƙi. Na goga babban yatsana, ya zame. Na kai hanci, warin gazuwal ne. Na kwance ledar tsofaffin na goga yatsa a kansu, suka riƙe shi da kaushi. Ba sauran wata tambaya.

Abin da ya kamata in yi a fili yake, rumfarsa ba ta da nisa. Maimakon haka na wanke gangunan biyu da isansi, na mayar da tsofaffin takalman, na jefa masu man a bayan rumbu. Birki ya kama kamar da. Washegari na bi ta tasha na taka shi da ƙarfi a gabansu har taya ta ja ƙasa, na ce, "Kun gani? Tsohon da bawana ya ce ya mutu na maida. Ya hi sabon nashi." Wannan maganar ta fi ta farko muni, don ta farko cikin ruɗewa na yi ta, wannan kuwa da saninta na fito daga gida.

Labarin ya yi daɗin faɗi, ni kuma na iya ba da labari. A majalisa, a wurin suna, a bakin masallaci, sai a ce in sake faɗin yadda na shiga shinge, ni kuma kowane karo sai in ƙara masa gishiri. Aka laƙaba wa rumfarsa suna, wai garejin sai-ƙaya. In yana wurin shi ma yakan yi dariya, don taubashi ba ya fushi, in ya yi fushi shi za a ga laifinsa. Sau uku yana ce mini, "Ubangijin tsiya, kawo takalman nan in gani, don Allah." Sau uku ina mayar da abin wasa.

Abin da ban yi tsammani ba, shi ya ɗauki maganar da gaske. Ya fara zargin ko kayan da ya sayo daga Yamai ne marasa kyau. Ya bi mutum biyu da ya sa wa irin takalman har gidajensu, ya roƙe su ya buɗe tayoyinsu ya duba. Bai samu komai ba. Amma mutane suka ce, ka gani, shi da kansa bai yarda da aikinsa ba. Ɗan kabu-kabu zai haƙura da inji mai tari, ba zai haƙura da birkin da ake shakka ba, don mata da yara yake ɗauka. Ɗaya bayan ɗaya suka koma wurin wani sabon makanike a ɗaya gefen kasuwa.

Ina wucewa ina ganin rumfar ba kowa, shi kaɗai yana jera kile a kan buhu yana sake jerawa. Sai in ce a raina kasuwa ce, yau gareka gobe ga wani. Na ci gaba da wanke babur ɗina kowace Juma'a, sai dai na daina jin daɗin da nake ji. Wata rana ina cikin shafa matata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni dai na ga kwalba rannan." Na ce mata ta kula da tukunyarta. 

Ranar da na kai wa gwaggona damin gero, kamar yadda nake yi duk shekara, na same ta a ƙofar ɗaki tana laluben zare, don idanunta sun yi rauni. Jakar tafiya take ɗinke wa hannu. Na tambaye ta ta wa ce.

"Ta ɗan'uwanka. Bakin teku za shi, bayan kasuwa mai zuwa. Ya samu mai sayen kayan aikinshi."

"Gwaggo, shi da bai taɓa zuwa cin rani ba?"

"To mi za ya ci nan? Sun ce hannunshi ya mutu cikin zaman da anka yi." Ta lalubo hannuna ta riƙe. "Kai dai ka riƙa leƙo ni. Shi ɗai ya rage min a gida."

Ban iya shan furar da ta sa aka dama mini ba. Daga nan rumfarsa na wuce. Na same shi yana goge kwampuresa, injin ba taya iska, don mai saye. Na zauna a kan benci na ce masa, ka san birkin nan, ni na zuba masa mai.

Ya dube ni, ya fashe da dariya. "Yau kuma da wacce ka zo? Ka ji zan tahi, kana so ka riƙe bawanka kar ya gudu?"

"Da gaske nike."

"Kai ka taɓa yin gaske? Tashi min daga benci, shi ma na saida shi."

Na tsallaka wurin 'yan kabu-kabu na faɗa musu haka. Suka ce kai, taubasan nan ba su gajiya, jiya ya kashe shi yau yana raya shi. Wani ya ce tausayi ne ya kama ni, ina son in ɗauke masa kunya kafin ya tafi, Allah ya ba ni lada. Na dawo gida da ladan da ban nema ba.

Kwana biyu ina juya abin. Tun muna yara ban taɓa faɗa masa magana ɗaya mai nauyi ba, kowa a garin ya san haka. Ƙaryata ta shiga don ta zo da kayan wasa kuma ga shinge ga ƙaya kowa ya gani. Gaskiyata ba ta da abin nunawa. Sai na gane in baki ya kasa, sai dai ido.

Ranar kasuwar Filinge da hantsi, lokacin da tasha ta fi cika, na je bayan rumbu na tono takalman nan na sa a aljihu, na ɗauki kwalbata, na hau babur na tsaya daidai gaban rumfarsa. Mai sayen kayan ya riga ya iso, yana ɗaɗɗaga kile yana dubawa. Na kira babban 'yan kabu-kabu, dattijo ne mai furfura da ba a san shi da wasa ba.

"Baba, don Allah hau ka gwada min birkin ga."

Ya hau ya zagaya, ya taka, babur ya tsaya cak. Ya ce lafiya lau yake. Mutane suka fara matsowa, suna jiran sabon wasa. Na tsuguna a gabansu, na ɗaga kwalbar kowa ya gani, na matsa ta a tsagin gangar baya, na juya taya, na ƙara, na yi wa ta gaba ma, daidai yadda na yi rannan.

Taubashina ya yi tsalle. "Kai mahaukaci! Mi kaka yi?"

"Baba, sake gwadawa. A hankali, ka nuhi rairayi."

Dattijon ya dube ni, ya hau, ya tafi a hankali, ya taka. Babur ya ci gaba da tafiyarsa. Ya sa ƙafafu biyu a ƙasa yana jan rairayi har ya tsaya. Ya sauko. Wasu suka fara dariya, suka ga ba wanda ya taya su, suka daina.

Na ciro takalman daga aljihu na miƙa wa taubashina. Ƙasa ta manne musu, amma ya share da yatsa ya kai hanci. Ya daɗe yana shinshinawa. Na ga lokacin da ya gane, don murmushin da ya saba ajiye mini a fuska ya tafi, kuma ban taɓa ganin fuskarsa babu shi ba. Ya ce, a hankali, "Na bi mutane har gida ina buɗe musu taya."

Dattijon ya juya ga mutanensa ya ce, "Kun dai gani da idonku." Ya je ya turo nasa babur ɗin ya kafe a bakin rumfar, ya ce sarƙarsa ta saki tun shekaranjiya. Wani ma ya turo nasa. Ba duka suka dawo ba, har yau akwai waɗanda ke can gefen kasuwa, amma mai sayen kayan ya ajiye kile ɗin da ke hannunsa ya ce zai dawo wani lokaci, kuma jakar da gwaggo ta ɗinke ba ta bar gida ba.

Shi dai bai dubi baburan ba, ni yake kallo. Na cire hulata na durƙusa a kan ƙasar da ta sha baƙin mai, a gaban duk wanda ke tasha, na kira shi da sunan da ban taɓa kiransa da shi ba.

"Yaya, wallahi tallahi ba wasa nike ba. Ka hana ni sa mai a birki, na ji ka, na sa. Tun ranar na buɗe na gani, na ɓoye. Da kile ɗinka na buɗe. Na bar mutane suna ma dariya don kar su yi min, na ɓata ma suna a wurin da kaka cin abinci, kuma na laɓe bayan taubasantaka don na san ba ka da ikon yin hushi. Yau kana da shi, ka yi hushinka yadda kaka so. Aikinka ba shi da aibi, ni ne mai laihi. Don Allah, Yaya, ka yahe min."